Lissafi a Bayan Kwalin Sabulu

Tun a Funtua na buga lissafin nan
a bayan kwalin sabulu, da biro mai tsallake baƙi.
Na sa kuɗin mota, na sa na iyaka uku,
na sa ɗaki, na sa tuwo sau biyu a yini,
na ja layi, na ga saura,
har na raɗa wa sauran suna: jarin shago.
Barira ta leƙo ta kafaɗata, ta ce,
"Ka sa kuɗin abin da ba ka sani ba?"
Na ce mata keken ɗinki nake gyarawa, ba duba nake yi ba.

A Aflawo mai canji ya karɓi damin nairata,
wanda ya kumbura aljihu biyu,
ya miƙo min sidi 'yan ƙalilan
da suka kwanta cikin hula ba su ko ɗaga ta ba.

Kumasi ta tarye ni da ruwan sama.
Sallau, ɗan wan babana, ya tarye ni da lema
da Hausar Zango, wadda mace ma "ya zo" ake ce mata.
Muka ratsa Aboabo lungu-lungu.
Dillali ya karɓi na nuna ɗaki tun ban ga ƙofa ba.
Mami Pokuwa mai gida ta ɗaga yatsu biyu.
Na ce, wata biyu? Alhamdu lillahi.
Sallau ya kalli ƙasa.
Shekara biyu, ɗan'uwa, kuma a dunƙule.

A tsaye jarin shago ya rasu,
ko sallarsa ba a yi ba.

Sai waɗanda ban gayyata ba suka fara sallama.
Ruwa, a jarka rawaya, kowace da farashinta.
Wuta, ana ƙirga ta da kai:
ƙwan fitila ɗaya, fanka ɗaya,
dutsen guga kuwa ya fi mutum biyu ci.
Ban ɗaki ma sai da tsaba a hannu.
Wa ya taɓa rubuta ban ɗaki a lissafi?
Ran Asabar maƙwabci ya binne kakarsa,
aka zo da littafi, na ga sunana a ciki.
Na bayar, tun da bango ɗaya muke jingina.
Motar Kejetiya, zuwa da dawowa,
tana gutsurar ribar keke guda kullum,
shi ya sa na koyi hanyar ƙafa ta bayan masallaci,
takalmi kuma ya kawo nasa lissafin.

Lissafin dokin Rano, in ji Sallau, yana dariya.
Ni ban yi ba.

Amma akwai abin da kwalin bai hango ba ta ɗaya gefen.
Iya Lamisi mai koko ta ce in riƙa sha, in biya Juma'a.
Wani tela Ba'ashante, da na ceto masa tsohuwar kekensa,
ya turo min telolin layinsu bakwai,
ya kuma ba ni kusurwar rumfa, kyauta, har damina ta wuce.
Mai adashi na zagayowa da yamma da ɗan katinsa,
ina zuba biyar, wata rana goma,
wata rana in ɓoye bayan keke har ya wuce.

Jiya Barira ta kira, Hassu na kuka a bayanta.
"Nawa za mu tanada kafin mu taho?"
Na juya kwalin, ruwa ya cinye rabin lambobin.
Na samo sabo a shagon ƙasa, na ja layi uku.
Na farko haya.
Na biyu ciki.
Na uku na bar masa fili mai faɗin tafin hannu,
na rubuta a samansa da manyan baƙaƙe: na Barira.
Na ce mata, ki ba ni zuwa bayan Sallah,
kuma in za ki taho, ki zo da daddawa da yawa,
ta nan tsada gare ta.