Alƙalin Layi

Ni aka ba agogo da jar tuta
a bakin gonar riɗin Mati, gabas da Gagarawa,
inda aka zuba toka aka ce nan ne ƙarshe.

Jiragen ba su da inji.
Mota ce ta ja su da igiya da hantsi,
ta bar su da Allah da hucin ƙasa,
suka bi shirwa suna kewayawa
har suka koma ƙwayar gero a idona.

Takardar aljihuna magana ɗaya ta yi:
kada wanda ya ƙetare layi
ƙasa da mita ɗari da hamsin.
Na karanta musu da safe, sun gyaɗa kai.
Haladu har da dariya,
wai, "Baba, ai sama ba ta da shinge."

La'asar sakaliya na hango shi.
Ba daga sama ba,
daga tsakanin kukoki biyu ya ɓullo,
hanci ƙasa,
ya sayar da tsayinsa ya sayi gudu,
shiru kamar kububuwa a ciyawa,
sai ɗan fito a bakin fiffike.

Abin da ba shi da ƙara
ba ya cewa a kauce.

Ilu na tsaye a kan amalanke,
ɗan shekara tara, yana karɓar dami.
Inuwa ta shafe shi kafin ya ɗaga ido.
Hula ta tashi. Shanu suka zabura.
Riɗin da aka jingine ya sha rana
ya kife,
wahalar wata uku ta shige rairayi.

Fili ya ɗauki tafi.
Wani ya ce, "Namijin duniya!"
Ni kuwa ina auna abin da ya rage
tsakanin fiffike da ƙeyar yaro.
Kamu huɗu? Biyar?
Hannuna bai tsaya ba balle in ƙirga.

Ya riga kowa da daƙiƙa goma sha ɗaya.
Na rubuta.
Sannan na soke.

Ya zo yana huci: "Wa na taɓa?"
Ba kowa.
"To ina laifina?"
Na ce, wanda ya saki kibiya a kasuwa
ta faɗa tsakanin ƙafafu,
ba maharbi ba ne, Allah ne ya rufa asiri.
Kai ka sa hannu a takarda da safe.
Ilu fa, wa ya tambaye shi?

Kofi ya bi Rumasa'u,
wadda ta wuce can ƙololuwa, ƙarama kamar tsattsewa,
ba wanda ya ko tafa mata.

Da almuru na naɗe tutata.
Mati na durƙushe da faifai
yana raba riɗi da ƙasa, bai ce uffan ba.
Can bayansa Ilu ne, ba hula,
ya buɗe hannuwa yana gudu tsakanin kunyoyi,
ya sunkuya,
ƙasa-ƙasa,
daidai yadda ya gani.