Gurbin Arba'in da Ɗaya

Kwana goma sha ɗaya ruwa bai ɗauke ba a Valdivia.
Kogi ya cika har yana lasar matakalar kasuwar kifi,
hayaƙin itace ya kwanta kan rufin kwano,
ni kuwa ina hawa na uku
ina juya furotin a allon kwamfuta
kamar mai duba ƙwai a hasken fitila.

In ka miƙe shi, sarƙa ce kawai,
amino asid ɗari biyu da shida,
kowa riƙe da rigar na gabansa.
Na arba'in da ɗaya bai san na ɗari da tamanin da bakwai ba.
Ina zai san shi?
Amma bari sarƙar ta sha ruwa:
ta murɗe, ta lanƙwashe, ta dunƙule,
sai ga su kafaɗa da kafaɗa,
ko ƙwayar ruwa ba ta ratsa tsakaninsu.

Masu gudun jiƙewa su ne a tsakiya.
Lusin, balin, fenilalanin mai zobe,
sun cusa kai ciki sun matsu.
Ba ƙauna ce ta tara su ba, ruwa ne ya koro su,
yadda muke cunkushewa a rumfar jiran motar Niebla
da mutanen da ba mu san sunansu ba.
Lisin yana waje, ya miƙa dogon hannu ya kamo asfatat,
wannan da ƙari, wancan da ragi.
Sistin biyu sun yi ƙullin farar wuta
sun daina magana.

Farfesa Huenchumán ta ce, cire lusin na arba'in da ɗaya,
sa alanin a gurbinsa, mu gani.
Alanin ƙarami ne, ba ya faɗa da kowa.

Wata huɗu na jira hoton.
Ban ga rushewa ba.
Maƙwabta ne suka ɗan karkato,
balin ya matso rabin angistirom,
fenilalanin ya juya zobensa kamar mai gyara zama a benci,
aka rufe abin da za a iya rufewa.
Saura wani ɗan rami,
babu ruwa ciki, babu kowa.
Daga nesa sai ka rantse lafiya lau.

Sai da muka ɗora shi kan zafi.
Na asali yana kaiwa digiri sittin da takwas kafin ya warware.
Wannan, hamsin da tara.

Na rubuta lambar, na daɗe ina kallon wurin wanke kwalabe.
Shekara talatin Don Belisario Oyarzún ya tsaya a can,
yana haɗa ruwan gishiri, yana tari,
yana ce wa firiji ɗan banza.
Sunansa bai hau takardar bincike ko ɗaya ba.
A watan Mayu aka kai shi Chiloé cikin akwati.
Ba mu rufe ɗakin gwaji ba ko na yini guda.
Ítalo ya karɓi tukunyar dafa kayan aiki,
ni na karɓi makullin firiji,
kowa ya matso kaɗan.
Baƙi suna zuwa su ce, kai, komai tsaf.

Ran Talata wuta ta ɗauke minti goma.
Minti goma!
Farfesa da Ítalo suka ɗaga murya kan kwalba ɗaya mara suna,
har ɗalibai suka fita baranda.
A da, tsohon zai yi tari ne kawai,
ya miƙa wa kowa kofinsa.

Na shafa wa ramin launin ruwan ɗorawa a allo
don masu karatu su gan shi,
na kashe fitila, na sauko.
Rumfar mota a cike take.
Wata tsohuwa mai ƙanshin kifi da albasa
ta ɗauke jakarta ta ɗora kan cinya,
ba ta ko kalle ni ba.
Na shiga. Kafaɗata ta hagu tana jiƙewa.