Ba Su Gaisa Ba

Shagona na bakin hanyar Poli, Ƙauran Namoda,
shekara tara zazzaɓi kaɗai ke rufe shi, shi ma ba kullum ba.

Firintar ta hannu ce, a cinya na ɗauko ta daga Kano,
roba ke riƙe da murfinta, amma ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Sai ƙanena ya zo hutu da fulas a aljihu:
"Yaya, sabuwar manhaja, kyauta ce, ƙwaro ba ya cin ta."
Na ce zuba. Ban shawarci firinta ba.

Da safe kwamfuta ta tashi fes kamar an yi mata wanka,
na soka waya, na jira su gaisa.
Ba su gaisa ba.

Tebur ɗaya, wuta ɗaya daga janareta,
wannan ta ce ban san ki ba, waccan ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Jabbi mai gyara ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce babu direba.
Data ta dubu biyu muka ƙona
muna neman abin da kamfanin bai taɓa rubutawa ba.

Labbo na kan benci. Kullum Labbo na kan benci.
Ba ya buga takarda, ba ya sayen biro,
cajin waya ya kawo shi bara, har yau ba ta cika ba.

"Direba? Ku tai tasha mana, ga su can zamne!"
Shi ya faɗa, shi ya yi dariya, kowa bai taya shi ba.

Jabbi ya fara bayani, Labbo ya tsinke shi:
kyauta ba ta albarka, Turawa sun gama da mu,
shi da zai sayi inji, ba irin wagga ba.

Daga nan ya faɗa ƙwallo, ya fito ta farashin taki,
ɗalibai biyu suka biye masa, aka shiga musu,
Jabbi ya manta layin da yake, bai sake gano shi ba.

Kuluwa na tsaye da furojet shafi saba'in,
gobe ƙarfe goma za ta miƙa.
Kallon agogo take, ba ta ce mini komai ba.

Bayan la'asar na tuna tsohuwar laftof a ƙasan kanta,
fuskarta a tsage, haruffa uku sun zube,
amma yaren firinta bai ɓace mata ba.

Na hure ƙura, na jona. Sai na ji ƙugin nan,
takarda ta fito da ɗumi kamar waina daga tanda.
Rabona da jin daɗin ƙara irin wannan, ban tuna ba.

Yanzu tafinta gare ni: sabuwa ta rubuta, fulas ya kai saƙo,
tsohuwa ta faɗa wa firinta a kunne.
Aiki na tafiya, ko da ba da sauri ba.

Labbo ya miƙe, ya zare cajarsa,
ya ce, "Ai tun safe ni faɗa muku."
Wallahi bai faɗa ba.