Bayan Kabad

Ƙarti huɗu suka shigo da shi suna nishi,
ranar da ruwa ya wuni yana zuba a Antwerp,
kogin Schelde ya koma launin toka.
Dattijo Aloïs Dierckx na biye, hula a hannu,
kamar mai rakiyar gawa.
Ya ce, "Na matata ne, Godelieve. Gyara shi,
masu gwanjo za su zo kafin sanyi ya wuce."

Na yaye bargon.
Baƙin katako, baƙi wuluk,
sai ka ce dare aka shafa wa mai.
An shimfiɗa ɓawon kififiya a kan jan fenti
har ya zama garwashin da ba ya ƙuna.
Ginshiƙai shida, kowanne a murɗe kamar igiya,
jarirai masu fikafikai, kumatu cike da iska,
ruwan zinariyarsu ya koɗe inda yatsu suka saba sauka.
Durowa ashirin da biyu. Sau biyu na ƙirga.
A tsakiya wata 'yar ƙofa,
bayanta ɗaki da bai wuce tafin hannu ba,
daɓen hauren giwa, madubai sun kewaye shi,
sun ninka shi, sun mai da shi fada.
Na leƙa da ido ɗaya,
idanu goma suka leƙo ni.

Wata uku ina jinyarsa.
Ina dafa gam ɗin ƙashi a 'yar tukunya,
warinsa ya kori kyanwata zuwa maƙwabta.
Tsutsar katako ta kafa gari a ƙafar hagu,
na bi ta da allura, gida-gida.
Tagulla ta ɗago kamar farce,
na lallashe ta har ta kwanta.
Kusa da ganyen zinariya
ko numfashi sai ka nemi izini.

Ran da na juya shi, na ga bayansa:
katakon banza, ko gogewa bai samu ba,
sawun zarto rangaɗau.
Ado na masu kallo ne,
bango ba ya biyan kuɗi.

Na zare durowar ƙarshe, na zura hannu,
yatsana ya ci karo da 'yar sakata.
Ƙaras!
Wani aljihu ya turo kansa waje,
shekara ɗari uku da ɗoriya bai ga haske ba.
Na yi zaton wasiƙa, ko zobe, ko guba.
Wayam.
Sai shaidar babban yatsa a busasshen gam,
ƙarama, ta yaron da muryarsa ba ta fashe ba,
da rubutun gawayi, a karkace:
"Joos. Akwai sanyi. Maigida ya tafi cin abinci."

Takardun kabad sun san sunan maigida,
sun san attajirin sukarin da ya saya,
sun san jirgin da ya kawo hauren.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
Wa ya yanka waɗannan furanni, ɗaya-ɗaya,
da yatsun da sanyi ya ƙandare?
Wa ya hura wutar gam tun kafin ƙararrawar asuba?

Da Aloïs ya dawo, na nuna masa.
Ya daɗe bai ce uffan ba.
Can ya ce, "Shekara arba'in Mechtild na zuba maɓallai a nan,
ba ta san tana da yaro a gida ba."
Ya ɗora yatsansa kan na Joos,
ya rufe shi ruf, har da saura.

Masu gwanjo sun cika shafi biyu da yabo,
babu layin da ya ambaci aljihun.
Ban goge gam ɗin ba. Na mayar da sakata.
Daren nan na ƙara itace a murhu,
ni kuwa ba sanyi nake ji ba.