Nibo a Cikin Kunne

Shekara ashirin da shida ina bisa katanga,
daga Bagalam har Ali Ɗan Sofo,
bulo a hagu, cokalin gini a dama,
ban taɓa tambayar ƙafata inda za ta sauka ba.
Ita ta san wannan. Ni nawa siminti.

Ran wata Talata da asuba
na juya bisa gado in tashi alwala,
sai ɗaki ya riga ni tashi.
Kwanon rufi ya sauko ƙasa,
ƙofa ta kewaye ni kamar akuya a turke.
Tsahara ta ce iska ce.
Ƙanena Na-Allah ya ce hawan jini.
Ni dai na rungume ƙafar gado ina amai.

Likitar sa'ar ɗiyata ce.
Ta ce in haɗa ƙafafu, in rufe ido.
Ni mai taka katako faɗin tafin hannu,
sai ga ni ina layi kamar karan gero gaban hadari.

Ta ce, Baba, kana da nibo?
Na ce guda biyu.
Ta ce akwai wasu biyun can cikin kunnuwanka:
ruwa a ƴan bututu uku masu lanƙwasa,
da tsakuwa wadda yashin Gulbi ya fi ta girma.
Ido na kawo labari, tafin ƙafa na kawo nasa,
wuya ma bai yin shiru,
ƙwaƙwalwa na zaune a duhu tana auna shaidu.
Tsakuwarka ce ta faɗa bututun da ba nata ba.
Kunne ya ce ana juyi, ido ya ce ƙarya ne,
kai ka biya kuɗin shari'ar.

Ta kwantar da ni, ta karkata kaina, ta jira,
ta sake karkatawa,
yadda Tsahara ke yi da ƙwarya in tana rairayar shinkafa.

Jiya na koma bisa.
A ƙasa wata mata daga Jiratawa,
daron tumatir a ka, goyo a baya, tana ciniki a waya,
ta tsallake kwata ba ta ko duba ba.
Na tsaya kallo har siminti ya fara sha iska.

Yaro ya miƙo bulo.
Na aza nibo,
ƙwayar iskar ta gudu hagu, ta dawo, tana rawa.
Da can tsaki nake yi mata.
Jiya na jira har ta zauna.