Noman Iska

A ƙauyen Lybster, inda tudu ya ƙare teku ya soma,
iska ba baƙuwa ba ce, ita ce mai gida.
Ta ƙwace mini hula ran da na sauka,
ta karya lema uku kafin in yi hankali.
Shekara shida tana dukan tagata a banza,
ni kuwa ina zuba wa kamfanin lantarki fam duk wata.

A Funtuwa wuta ce ke gudu, mu raka ta da tsaki.
A nan tana zaune daram,
takardar kuɗinta ce ke hana ido rintsawa.

Na ce da Lantana, zan sa wa iskar nan linzami.
Ba ta ɗago daga yankan albasa ba.
Ta ce, "Malam, fara gyara ƙofar banɗaki."

Na tsinto mataccen injin wanki a juji,
na farke cikinsa kamar ragon layya.
Maganaɗisu ya cije mini ɗan yatsa,
farcen ya yi baƙi har bayan azumi.
Bututun ruwa na tsaga uku da zarto,
na goge, na auna, na sake gogewa,
har fikafikan suka yarda nauyinsu ɗaya.
Dare tara ina naɗa jar waya a gareji,
in na kai saba'in lissafi ya kuɓuce,
in warware, in koma ɗaya.

Ran Asabar muka tsayar da turken ƙarfe,
ni da 'yata Kande, igiya huɗu, laka har gwiwa.
Farfela ta yi shiru kamar mai shawara.
Ta motsa.
Ta juya.
Allurar mita ta ɗaga kai kamar ƙadangare,
ƙwai ɗaya ya yi ja a bangon gareji,
Kande ta yi ihun da na sani tun ina yaro:
"An kawo wuta!"
Ita da ba ta taɓa ganin an ɗauke ba.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina sarauta.
A na sha biyu guguwa ta taso daga teku,
abin ya yi ta kuka kamar ana yanka shi,
sai ƙaras!
Da safe turke ne kawai, tsirara.

Dattijo Fergus ya ƙwanƙwasa da hantsi,
fiffike ɗaya a kafaɗa, karensa a baya.
A cikin tumakinsa ya tsince shi.
Na shirya ban haƙuri, shi kuwa ya nemi fensir,
ya zana wutsiya mai lanƙwasa a bayan ambulan.
Ya ce, "In ta yi fushi, kau da fuska.
Duk abin da ya daɗe a garin nan ya iya sunkuyawa."

Na sake gini, wannan karon da kunya.

Yanzu batir huɗu na kwana ƙarƙashin matakala.
Suna riƙe firji, fitilu biyar, da wayoyinmu.
Butar shayi ta fi ƙarfinsu, na daina musu.
Akwai makon da ko ganye ba ya motsi,
in tsaya a waje ina duban sama
kamar kakana ran da damina ta yi jinkiri.

Jiya Inna ta kira, ta ce, "Tanimu,
wai me kake yi a ƙasar sanyin nan?"
Na ce, noma.
Ta ce, "Me kake shukawa?"
Na ɗaga wayar sama, na bar ta ta saurara:
fir, fir, fir, a kan rufin duhu.

Ta daɗe ba ta ce komai ba.
Can ta ce, "To, Allah ya sa albarka. Ka ci abinci?"

Ƙofar banɗaki tana nan yadda take.