Zoben Biro

Ranar Talata, a Kolombas,
bayan na cike takardu har yatsuna sun sage,
Darlin ta ce in naɗe hannun riga.
Ba dantse take nema ba,
cikin hannu take so, inda fata ta fi laushi,
inda rana ba ta cika leƙawa ba.

Allurar ba ta nitse ba.
Kwantar da ita ta yi, kamar mai cire ƙaya,
ta tura ɗigo ɗaya tsakanin fata da fata,
wuri ya taso kamar ƙwayar dawa.
Ta zagaye shi da shuɗin biro.
Kar ki sosa, kar ki liƙa filasta,
ki dawo jibi, ko gata.

Aiki na jirana a gidan tsofaffi.
Sun ba ni riga, sun ba ni lambar ƙofa,
amma sai fatata ta ba da shaida
kafin in ɗaga wa kowa cokali.

Ba ta san da alwala ba.
Sau biyar a yini ruwa na bin hannun har gwiwa,
kafin magaribar Laraba zoben ya kusa shafewa.
Na ari biron 'yata na maimaita shi,
ja ne nata, haka na bar shi.

Da dare ƙaiƙayi ya hana ni barci.
Na danne hannun da matashi,
sai ga Kawu Sallau a Malumfashi,
ƙafarsa a kan keken ɗinki,
tarinsa na tsere da ƙarar keken.
Ni kuwa ina ƙasa, shekarata bakwai,
ina tsintar ƙyalle don 'yartsanata.
Moɗarsa daban take, a rataye jikin ƙusa,
in ka tambaya a ce sanyi ne.
Da damina aka rufe shagon.
Ba wanda ya ambaci tarin fuka,
ko a zaman makoki.

Juma'a na koma.
Darlin ba ta kula da jan wurin ba.
Ta runtse ido, ta bi shi da kan yatsa,
tana laluben inda tauri ya tsaya,
kamar mai zaɓen doya a kasuwa.
Ta ɗora 'yar rula.
Milimita goma sha huɗu.

Na ɗaga rigar har kafaɗa, na nuna mata lambata,
tabon da Inna ta goya ni aka yi mini
tun ban san sunana ba.
Ta gyaɗa kai. Wannan ma yakan sa, in ji ta,
jini da hoton ƙirji za su raba gardama.
Sannan ta karanto daga takarda:
kin taɓa zama da mai tari?
Akwati biyu ne kawai, e ko a'a,
babu inda zan rubuta sunan Kawu.

Hoto ya fito fes, huhu ba tabo.
Jini kuwa ya ce akwai baƙo,
yana barci, ba ya tashin kowa, ba ya tsallaka wa kowa.
Shekara talatin da ɗaya yana kwance,
ya hau jirgi da ni, ba fasfo, ba biza,
duk binciken filin jirgi bai gan shi ba.

Wata huɗu zan sha magani,
fitsari zai koma kalar manja, kar in tsorata.
Litinin zan fara aiki.

A tashar bas na kira Inna.
Na tambayi ruwan bana, na tambayi ƙafarta,
sannan na ce, Inna, moɗar Kawu fa?
Ta yi shiru har na duba ko layi ya yanke.
Ta ce, ke ce kike satar sha da ita,
wai ruwanta ya fi sanyi.